Ta'aziyyar da Aka Turo ta Ƙarƙashin Ƙofa

Baturiyar da ta zauna a gidanmu na Gumel likitar dabbobi ce, 'yar Ingila, kuma surukina ne ya kawo ta. Alhaji fataucin shanu yake yi a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi. A can ya gan ta wata Alhamis, ta naɗe hannun riga har kafaɗa tana duba wata saniya da ta kasa tashi, maza sun kewaye ta suna kallo. Da suka gaisa ya ji cewa wata biyu ke nan tana kwana a masaukin baƙi, tana neman gidan haya ba ta samu ba, sai ya ce mata akwai ɓangare a gidansa da babu kowa a ciki. Ya dawo gida ya sanar da mu cikin fara'a, kamar wanda ya sayo tunkiya da araha. Hajiya, surukata, ta dube shi ta ce, "To Alhaji, me take ci?" Ya ce shi ma bai tambaya ba.

Ni aka ɗora wa ita, domin ni ce malamar makaranta, ni ce mai jin Turanci a matan gidan. Gaskiya ban so ba. Ina da aji, ina da yara, ina da girki, ga kuma wata baƙuwa da za a ce in riƙa yi wa tafinta. Ranar da ta tare na shiga in gaishe ta ina ɗaure da fuska. Na tarar da mace doguwa, ta haura hamsin, gashinta ya fara fari, tana tsaye a kan kujera tana liƙa takardu a bango. Ta sauko ta gaishe ni da Hausar littafi, kalma ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ba ta tsallake ko guda ba. Da ta gama ta ja numfashi ta dube ni tana jiran maki. Dariya ta ƙwace mini, ita ma ta kama, daga nan muka shirya.

Takardun nan na bango su ne malamanta kafin ni. Ta ce 'yan ƙasarsu da ke zaune a ƙasashen waje suna da dandali a intanet inda suke ba juna shawara, ita kuma ta buga duk abin da suka rubuta ta taho da shi. Na tsaya na karanta. A tafasa ruwa kafin a sha. A sha maganin zazzaɓin cizon sauro kullum. A ajiye kwafin fasfo a wuri uku. A sabunta katin izinin zama tun kafin ya ƙare. A mallaki layin waya biyu. A tanadi tukunyar gas ta biyu. A taho da ganyen shayi daga gida, wannan kuwa ta ja masa layi biyu a ƙasa. Shawarwarin ba su da laifi, kuma ta bi su sau da ƙafa. Sai dai a duk bangon nan ban ga layi ɗaya da ya yi maganar maƙwabci ba.

Sauran abubuwan mu muka koya mata. Maigidana ya nemo mata mai sola, aka ɗora faifan sola a rufin ɗaki, saboda firjin da take ajiye alluran rigakafin dabbobi ba ya son wuta ta ɗauke. Na haɗa ta da mai ruwan da ke turo mana ruwa a kura da safe. Na kai ta wajen telata aka ɗinka mata atamfa uku, domin wandunan da ta zo da su na shiga ruga ne, ba na zaman tsakar gida ba. Duk ranar da ta je Maigatari wayarta sai ta tsallaka layin Nijar ta daina shiga, ta dawo tana mita, har wani mai butik, wato kanti, ɗan Damagaram ya nuna mata inda za ta danna. Shi ne kuma yake ajiye mata man shanu na gwangwani, da ya hango ta sai ya ɗaga murya, "Madam, kayanki sun iso!"

Akwai halayen da babu telan da zai ɗinke mata su. Idan ta je wajen mai ƙosai sai ta tsaya a layi, alhali babu layi, ita kaɗai ce layin, mutane suna miƙa kwano ta samanta har ƙosan ya ƙare. Ta taɓa taka akuyar Hajiya, na ji da kunnena tana ba akuyar haƙuri. Kullum da safe sai ta yi mini zancen yanayin gari, ta ce yau kam za a yi zafi, a tsakiyar bazara, a Gumel. Ta jera tsofaffin bokitai a bakin ƙofarta ta shuka furanni, abin da ba a ci ba a miya da shi, tana ba su ruwan da aka turo a kura. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, amma ba za ta shigo wurina ba sai ta turo saƙo a waya: "Malama, zan iya zuwa ƙarfe huɗu?" Matar da ke zura hannu cikin saniya ta juya ɗan maraƙi, ba ta iya ɗaga labulen ɗakina sai da izini. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce ba ta son ta dame ni.

Duk da haka gidan ya karɓe ta. Tana fita da sassafe zuwa rugagen Gagarawa da na Sule Tankarkar, ta dawo da la'asar tana ƙamshin nono da hayaƙi, da ƙwaryar nono a bayan mota wadda matan ruga suka ba ta. Rabin nonon na Hajiya ne, wannan ba ta taɓa mantawa ba. Alhaji kuwa ya mai da ita abokiyar shawara. Da yamma zai sa a shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, su yi ta gardama a kan ciwon huhun shanu, shi da abin da ya gada, ita da abin da ta karanta. Ya kan ce da ita "likita", ita kuma ta ce "ranka ya daɗe" da dukan ƙarfinta. Ta taɓa gaya mini cewa tun da ta bar ƙasarsu ba ta zauna a wurin da take ɗokin komawa da yamma ba sai gidanmu.

A daminar shekararta ta biyu Alhaji ya rasu. Jinyar kwana huɗu ce kawai. Da hantsi aka yi masa sutura, kafin azahar gidan ya cika ya batse. Maza a ƙofar gida a ƙarƙashin rumfa, mata a ciki har bakin madafa. Dangin Hajiya suka zo daga Ɗanzomo mota biyu. Abokan fataucinsa na Maigatari suka zo, har da na ƙetaren iyaka, wasu direbobin manyan motoci suka ajiye lodinsu a bakin titi suka shigo. Matan ruga suka tako da ƙafa cikin laka. Ba mu ɗora tukunya ba, maƙwabta ne suka yi ta shigo da kwanuka. Ni ina tsakanin raba abinci da share hawaye, ban ma lura da wanda babu ba.

Sai da wata tsohuwa daga ruga ta kama hannuna ta ce, "Ina likitarmu? Ko ta yi tafiya ne?" Na waiwaya na dubi ɓangarenta. Ƙofa a rufe, taga a rufe, tsit kamar babu mutum. Na ce mata tana nan zuwa. Ba ta zo ba ranar, ba ta zo ba washegari. Daga baya na gane cewa motarta ma ta daina kawo ta ƙofar gida, can bakin titi take ajiye ta, ta lallaɓo ta ƙofarta ta waje. Rediyon da take kunnawa kullum da safe ya yi shiru.

Ranar sadakar uku da sassafe, ƙanwar Hajiya ta buɗe ɗaki sai ta ga farar ambulan a ƙasa, an turo ta ƙarƙashin ƙofa. A waje kuma ga damin furanni an ɗaure da zare, akuyar Hajiya ta riga ta cinye rabi. Duk furannin bokitan nan ne ta yanke, ba ta bar ko ɗaya ba. Aka kira ni in karanta. Kati ne mai hoton tsuntsu, a ciki ta yi rubutu da Hausa, da gani ta daɗe tana gyarawa. Ta ce Alhaji mutumin kirki ne, ta ce zuciyarta tana tare da mu. A ƙarshe ta rubuta, "Ba zan dame ku ba a wannan lokaci."

Na karanta a gaban mata cike da ɗaki. Da na sani da na haɗiye layin ƙarshen, amma bakina ya riga hankalina. Wata ta ce ai Turawa tsoron gidan mutuwa suke yi. Wata ta ce ƙyama ce. Hajiya tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ta ce, "Takarda ta aiko?" Na ce e. Ta ce, "Daga nan zuwa nan?" Ta miƙa hannu ta karɓi katin, ta tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ni kam na cika fam. Ni na tsaya mata a gidan nan, ni nake kare ta idan an yi mata dariya, ga shi ta ba ni kunya a gaban dangin mijina. Na yi niyyar in je in same ta, sai zuciya ta hana ni. Na ce wadda ta iya karanta littafin ciwon shanu ai ta isa ta san an yi mutuwa a gidan da take kwana. Saƙonta ya shigo wayata sau biyu tana tambayar ko ina lafiya, na ƙi amsawa. Wannan laifina ne, kuma har yau idan na tuna sai na ji nauyinsa.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Hajiya ta kira ni da maigidana. Ta shiga takaba, tana sanye da tufafi marasa ado, ta rame. Ta ce, "Baƙuwar nan, idan shekararta ta cika ta nemi wani gida. Mutumin da ya ɗauko ta daga kasuwa ya ba ta ɗaki, ya mutu, ta kasa tako ƙafarta nan. Ba zan iya haɗa katanga da ita ba." Maigidana ya fara ba ta haƙuri, ta ɗaga masa hannu. Saura wata biyu shekarar ta cika. Da muka fito ya dube ni ya ce, "Ke za ki faɗa mata, ke kike jin yarenta."

Na tafi da la'asar, ban tura saƙo ba, ban ƙwanƙwasa ba, na yi sallama na banka ƙofa. Tana zaune da kofin shayi, ta miƙe a firgice. Ban zauna ba na fara. Na ce mata Alhaji bai cancanci haka daga gare ta ba. Na ce mutanen da ba su taɓa cin abincinsa ba sun tako daga Nijar, ita da ke bayan bango ta aiko takarda kamar mai neman aiki. Na faɗi da Hausa, na maimaita da Turanci don kada wani abu ya wuce ta. Sannan na gaya mata saƙon Hajiya.

Fuskarta ta yi fari fat, ta koma ta zauna. Ta ce, "Malama, na ɗauka abin da ya kamata na yi ke nan. A wurinmu idan an yi rasuwa, dangi ake bar wa gida. Wanda ba dangi ba ya aika kati, ya ja gefe, kada ya ƙara musu nauyi. Na ga gidan ya cika, na ce duk 'yan'uwa ne, ni wace ce da zan kutsa?" Ta ce kwana bakwai tana cire takalmi a bakin ƙofa don kada a ji takunta. Ta ce ta yi kuka a cikin mota a hanyar Gagarawa har sai da ta tsaya a gefen titi. Sai ta dubi ɗakin, da firjin, da bokitan da babu komai a cikinsu, ta ce a hankali, "Ba na son in bar gidan nan."

Na zo da faɗa cike da baki, sai ga shi ban san inda zan ajiye sauran ba. Na ce ta tashi ta ɗauko mayafi. Ta ce yanzu? Ba za a fara tambayar Hajiya ko tana son ganinta ba? Na ce ba a neman izinin zuwa ta'aziyya. Ta ɗauko ɗan littafinta da biro ta ce in faɗa mata abin da za ta ce. Na karɓe littafin na ajiye a kan firji. Na ce, "Ki yi sallama, ki durƙusa, ki ce, Hajiya ya haƙuri. Shi ke nan. Sai ki nemi wuri ki zauna."

"In zauna in yi me?"

"Ki zauna kawai."

"Har yaushe?"

"Har ƙafarki ta yi tsami. Idan ta yi, ki gyara zama."

Haka aka yi. Hajiya ta amsa da "da godiya" a taƙaice, ta juya fuska wajen bango. Baturiya ta zauna a ƙarshen tabarma, dogayen ƙafafun nan ta rasa yadda za ta yi da su. Ina ganin bakinta yana motsi tana son ta yi bayani, ina harararta tana haɗiyewa. Ta yi awa guda. Da muka fito ta ce mini ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba, har da ranar da bijimi ya take mata ƙafa.

Washegari ta dawo da kanta, jibi ma haka. Kullum idan ta dawo daga ruga sai ta yi wanka ta yafa mayafi ta zo ta zauna. Wata rana ta tarar ana tsince shinkafa, ta jawo faifai ta kama. Hajiya ta fara amsa gaisuwarta da ɗan tsawo, amma ba ta janye maganarta ba, kuma babu wanda ya isa ya tayar mata da ita. Maigidana ya samo wani gida kusa da tasha, mai hayaniya, babu inuwa ko ta bishiya ɗaya. Baturiya ta je ta gani ta ce ba laifi. Ta fara tattara kwalaye daga kantuna tana ɗaure littattafai. Ta tambaye ni yadda za ta sauya adireshi a katin izinin zamanta, da ko mai sola zai iya sauke faifan ba tare da ya fasa ba. Na ce mata tunda tafiya za ta yi, ta huta da zuwa zaman. Ta ce ai ba don ɗakin take zuwa ba, ta makara ne, tana ramawa.

Saura kamar mako uku ta tashi, muna zaune mu uku da yamma, an yi yayyafi an ɗauke. Hajiya ta ajiye carbi, ta dube ni ta ce, "Tambaye ta, su a garinsu haka suke yi? Mutum ya mutu a turo takarda?" Baturiya ta ji, ba ta jira ni ba, ta ce haka ne, Hajiya.

"Ke an taɓa yi miki mutuwa?"

Ta ce, "Mijina. Shekara shida ke nan."

Na dube ta baki buɗe. Kusan shekara biyu muna shan shayi tare, na san lambar takalminta, na san ba ta cin kuɓewa, amma ban san ta taɓa aure ba. Ban tambaya ba, ita kuma ba ta faɗa ba.

Hajiya ta gyara zama ta fuskance ta sosai, karo na farko tun rasuwar. Ta ce, "Kwana nawa aka zauna da ke?"

Inda Hausarta ta ƙare ta koma Turanci, ina juya wa Hajiya. Ta ce ba a zauna ba. An binne shi bayan mako biyu, mutane suka zo da yawa, suka sha shayi, kafin yamma kowa ya tafi. Ƙanwarta ta so ta kwana biyu, ita ce ta ce ta koma wajen 'ya'yanta, kada ta ɗora mata nauyi. Katuna kuwa sun zo ta ƙofa har sun cika kwalin takalmi. Ta ce mutanen kirki ne, suna ƙaunarta, kowa yana gudun ya dame ta ne. Akwai maƙwabciyarta da idan ta hango ta sai ta tsallaka titi, don ba ta san abin da za ta ce mata ba.

"Wa ya kawo miki abinci?" in ji Hajiya.

"Ina saya a kanti. A tsaye nake ci, don teburin kujera biyu ne."

"Ke kaɗai a gidan?"

"Ni kaɗai. Wata takwas. Daga nan na nemi aiki a nesa."

Hajiya ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita. Ta daɗe tana kallon Baturiya, sannan aka kira magariba muka tashi.

Washegari Asabar ce, babu makaranta. Ina wanke-wanke Hajiya ta aiko a kira ni. Ta ce in kwashi tabarmin da aka yi zaman Alhaji da su in shimfiɗa a tsakar gidan Baturiya. Ta ce in bi maƙwabta gida gida in sanar da su ana zaman makoki a wajen likita, mijinta ya rasu. Na ce, "Hajiya, shekara shida fa." Ta ce, "An yi mata?" Na ce a'a. Ta ce, "To me kike jira?"

Baturiya na ɗaure wani kwali muka shiga da tabarmi. Ta tsaya da igiya a hannu tana tambayata me ya faru. Kafin in amsa sai ga Hajiya, tana takowa a hankali. Ɓangaren a cikin gida yake, takaba ba ta hana ta zuwa ba, amma tun rasuwar ba ta yi tafiya mai nisan haka ba. Ta zauna a tabarma, ta nuna wa Baturiya gefenta, ta ce, "Zo nan. Ya haƙuri?"

Baturiya ta zo ta zauna a gefenta. Mata suka fara shigowa. Matar liman, da mai ƙosai, da telata, da tsofaffin layinmu, kowace ta durƙusa ta ce, "Likita, ashe haka aka yi? Ya haƙuri? Allah ya ba ki dangana." Wata tsohuwa ta raɗa wa Hajiya cewa mamacin fa ba musulmi ba ne, wace addu'a za a yi? Hajiya ta ce, "Wajen mai rai muka zo. Haƙuri za mu ba ta." Kwanuka suka fara sauka, ɗanwake, da dambu, da fura. Baturiya ta zabura za ta ɗora ruwan shayi, tana ƙirga kofuna da ido. Hajiya ta kama gefen zanenta ta mai da ita zaune, ta ce mai makoki ba ta hidima.

Can matar liman ta tambaye ta wane irin mutum ne mijin nata. Baturiya ta tashi ta buɗe wani kwali da ta riga ta ɗaure, ta ciro hoto. Wani gajere ne mai sanƙo, yana dariya, ya rungumi wani ƙaton kabewa. Hoton ya zaga hannu hannu. Mai ƙosai ta ce, "Kai, likita, ai kin fi shi tsawo!" Aka fashe da dariya, ita ma ta yi. Ta ce direban bas ne, kuma bai iya waƙa ba amma kullum sai ya yi. Ta ce shi yake haɗa mata shayin safe shekara ashirin da huɗu, bai taɓa daidaita madarar ba. Tana cikin faɗa muryarta ta karye. Ta yi ƙoƙarin ba mu haƙuri, ta ce mu yafe mata, sai kukan ya ƙwace, irin mai sauti, wanda ban taɓa zaton yana cikinta ba. Babu wadda ta tashi, babu wadda ta kau da kai. Hajiya ta jawo kanta ta ɗora a cinya tana bubbuga bayanta, ita ma hawaye na zuba. Ni da nake taƙama da taurin zuciya, mayafina ya jiƙe sharkaf.

Aka wuni. Da azahar maza suka tsaya daga ƙofar waje suka yi mata gaisuwa, maigidana yana karɓa a madadinta. Labari ya kai ruga, da la'asar sai ga mata huɗu da ƙorai a ka, wurin zama ya yi kaɗan, suna raɓawa tsakanin kwalaye. Baturiya ta ci ɗanwake a zaune, kwano ɗaya da mutum biyar.

Da rana ta yi sanyi mutane suka fara sallama. Hajiya ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta tsaya tana kallon kwalayen da aka jera har bakin ƙofa, ta taɓa ɗaya da ƙafa. Ta ce da ni, "Ku kwance tarkacen nan ku mayar da komai inda yake. Sun tare wa mutane hanya, ga shi gobe 'yan Ɗanzomo za su zo, kwana uku za a yi."

Baturiya ta dube ni, tana son in juya mata, ko da yake na san ta ji. Ban juya ba. Na shiga madafarta na ɗauko wuƙa, na fara yanke igiyar kwalin farko.